Nofezile, Malamar Iyo ta Bakin Tafki

Duk shekara, da watan Nuwamba ya kama, hukumar garin Kransdrif takan manna wata doguwar takarda a ƙofar ɗakin karatu da bangon tashar mota. Shirin hutun bazara ke nan: majigi kyauta a filin ƙwallo ranar Juma'a, gasar dara a inuwar dandali, 'yan badujalar coci ranar Lahadi da la'asar, karatun tatsuniya ga ƙananan yara. Wata shekara a ƙara wani abu, wata shekara a rage. Layi ɗaya ne ya shekara ashirin da biyar bai motsa ba, can ƙasan takardar: koyon iyo ga yara a tafkin gari, kyauta, Talata zuwa Juma'a da hantsi, malama N. Dyantyi.

Ba don masu hali ake yin shirin ba. Masu hali sukan loda mota su nufi bakin teku tun ranar da aka rufe makaranta. Masu ƙauye su tafi ƙauye, a yanka tunkiya, a ga dangi. Waɗanda suka rage a gari cikin zafin Disamba, wanda a can shi ne tsakiyar bazara, su ne 'ya'yan masu gadi da masu shara da ma'aikatan asibiti, waɗanda ba su da inda za su. Su ne yaran Nofezile Dyantyi.

Kowa ya san siffarta daga nesa. Gajeriya ce mai jiki, da malafa a kan ɗankwali, da dogon siket har idon sawu, da usur a wuya. A hannunta akwai doguwar sandar ƙarfe mara nauyi da aka naɗe bakinta da roba. Takan bi gefen tafkin a hankali, sandar tana gaban hancin yaron da ke cikin ruwa, kusa yadda zai gan ta, nesa yadda ba zai kama ba.

"Kai mai jan wando, ƙafafun nan aro ka yi? Buga su!"

"Ke, wa ya ce miki miya ce? Daina sha, ki busa!"

Yaran suna kiranta Makhulu, wato kaka, tun kafin gashinta ya yi fari. Rabin garin a hannunta suka koyi iyo: 'yan sanda, malaman makaranta, direbobin tasi, har da waɗanda suka tafi karatu ƙasashe masu nisa suka dawo da labarin tafkuna masu rufi da ruwan ɗumi. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa tambayar kansa me ya sa bai taɓa ganin siket ɗin nan a jiƙe ba. Malama ai a bakin ruwa take tsayawa, haka suka taso suka gani. Gaskiyar maganar ita ce, Nofezile ta kai shekara sittin da huɗu a duniya, ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba.

Tana da shekara sha tara ta baro ƙauyensu ta zo aikatau gidan wani Bature mai sayar da magani. Matar gidan ta ce sunanta yana da wuyar faɗa, ta sa mata Gladys. Cikin aikinta har da kai yara biyu tafki kowace la'asar ta bazara. A wancan zamani akwai allo a ƙofar tafkin, kuma ko wanda bai iya karatu ba ya san abin da aka rubuta: Turawa kaɗai. Masu reno sukan miƙa yaran a ƙofa, su koma wani benci da aka ajiye musu a bayan wayar shinge. Sauran matan saƙa suke yi da gulmar iyayen gidansu. Ita kuwa kallo take yi. Akwai wata Baturiya siririya mai muryar soja da ke koyar da yaran, kuma ta wayar nan ana jin duk abin da take faɗa. Bazara goma sha biyar Nofezile ta yi a kan bencin. Ta haddace tsarin tsaf: busa kumfa tukuna, sannan kwanciya a kan ruwa, sannan ƙafa, sannan hannu, numfashi a ƙarshe. Har ta kai tana gane yaron da zai sha ruwa tun bai sha ba, daga yadda yake ɗaga haɓa.

Shekarar da aka cire allon, Turawa suka haƙa nasu tafkunan a bayan gidajensu, Baturiyar ta koma wurin 'yarta a wani gari. Asabar ta farko da aka buɗe ƙofa ga kowa, yaran unguwar bayan layin dogo suka kwararo kamar fara, daga su sai ɗan kamfai, suka riƙa faɗawa gefe mai zurfi yadda suka gani a hotuna. Yara huɗu aka tsamo da sanda a ranar. Nofezile ta zo ne kawai ta ga yadda cikin wurin yake. Ba ta san lokacin da ta buɗe baki ba.

"Kowa ya koma gefe mara zurfi! Ku kama bango! Na ce ku kama bango!"

Suka kama. Mafarin abin ke nan. Babu wanda ya ɗauke ta aiki. Bayan shekara huɗu hukuma ta ga abin ya zauna, ta sa sunanta a takarda, ta ba ta usur.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, ciwon huhun da ya kwaso a ramin zinariya ne ya kashe shi. 'Yarta ɗaya, Vuyokazi, tana aure a Cape Town. Gidan ɗaki biyu ne, da rediyo, da keken ɗinki, da wata bishiyar lemo da ba ta cika yin 'ya'ya ba. Ranar Alhamis takan sa jar rigar matan coci ta tafi taron addu'a. Sauran kwanakin sukan wuce ba ta yi magana da kowa ba sai mai shago. Wata goma da rabi take yi tana jiran mako shida.

A farkon Nuwamban da ake magana, aka aiko ta zo ofishin wasanni. Jami'ar wurin, Babalwa Ntlabati, matashiya ce mai fara'a, wadda tana 'yar shekara bakwai ta yi kwana uku tana kuka riƙe da tsanin tafki kafin Nofezile ta raba ta da shi.

"Makhulu, zauna mana. A kawo shayi?"

"Faɗi abin da ya sa kika taso ni cikin ranar nan."

"Ba wani abu ba ne. Bara yaro ya nutse a wani gari ana tsakiyar darasi, shi ne aka fito da doka. Duk mai koyar da iyo a tafkin hukuma sai ya riƙe takardar shaida. Mai jarrabawa zai zo ranar biyar ga Disamba. 'Yan tambayoyi ne, sai hura numfashi a bakin mutum-mutumin roba, sai a yi tsayin tafki biyu, zuwa da dawowa, ba tsayawa, ba kama komai."

"Wanda bai yi ba fa?"

"A cire sunansa, a sa wani." Babalwa ta yi dariya. "Amma ke, Makhulu? Ai tausayin mai jarrabawar nake ji. Ke za ki gyara masa bugun ƙafa."

Saura kaɗan Nofezile ta faɗa mata gaskiya. Ta dubi yarinyar, ta dubi fankar da ke juyi a sama, ta fasa. Ta ce shayin a bar shi, tana da ɗinki a gida.

Ranar Litinin ba a buɗe tafki, ranar wanke shi ce. Mai kula da shi, Kerneels Plaatjies, wanda kowa ke kira Oom, wato kawu, dogon tsoho ne busasshe mara haƙoran gaba. Ya kamata a ce ya yi ritaya tuni, amma babu wanda ya san halin injin tace ruwan sai shi. Shi ne ya tsamo yara huɗun nan a Asabar ta farko, kuma tun daga ranar shi da Nofezile ba su wuni ba su yi cacar baki ba. Ta san da tsakar rana yakan shige ɗakin inji ya ci burodinsa da kifin gwangwani. Lokacin ta zaɓa. Ta shigo ta ƙaramar ƙofa, ta tuɓe siket da malafa a ɗakin canja kaya, ta fito da tsohuwar riga da wani gajeren wando na mijinta.

Akwai abu ɗaya da sai ta yi kafin ta shiga. Nofezile 'yar tagwaye ce. A wurin mutanenta, ruwa mai zurfi yana son tagwaye, yana kiransu. In ya zama dole ɗan tagwaye ya shiga, sai ya fara jefa farin kuɗin ƙarfe, ya faɗi sunansa, ya nemi izini. Uwarsu ta ga ba ta da kuɗin jefawa, sai ta yanke magana gajeriya: ta hana su ruwan gaba ɗaya, ko kogi za a haye sai an goya su. Da za a tambayi Nofezile a taron Alhamis, cewa za ta yi ita ba ruwanta da waɗannan abubuwa. Amma da safiyar nan ta zaɓi kuɗin ƙarfe na rand biyu, mafi sabunta a cikin jakarta, ta goge shi da toka har yana ɗaukar ido.

Ta tsaya a kan matakala ta farko, ruwan yana lasar idon sawunta. Ta faɗi sunan da uwarta ta raɗa mata, wanda babu mai kiranta da shi tun da aka sa mata Nofezile a gidan miji, ta jefa kuɗin. Ya sauka a hankali yana juyi, ya kwanta a ƙasa. Ta rufe ido tana tattara zuciyarta. Can sai ta ji motsin ruwa. Da ta buɗe ido, ga ragar kwashe ganye tana tahowa gabanta a bakin doguwar sanda, kuɗin yana ciki yana ɗiga.

"Ungo abinki, Sisi," in ji Oom Kerneels, da sunan da yake kiranta, wato 'yar'uwa. "Arziki kika yi da kike watsa kuɗi a ruwa? In ya shige mini bututu, ke za ki kwance injin?"

Ruwa ya mayar mata da abin da ta ba shi.

"Wa ya aike ka? Wa ya aike ka, tsohon banza?"

"Af! Daga taimako? Yau kuma…" A lokacin ne ya lura da wandon, da kan da ba ɗankwali, da hannun da ya damƙi ƙarfen matakala kamar za a ƙwace mata shi. Ya ajiye ragar a hankali.

"Sisi. Shekara nawa muna wurin nan ni da ke?"

"Ba ka iya ƙirga ba?"

"Ban taɓa ganin ki a ciki ba."

"Yau ka gani."

"Wannan ba ciki ba ne. Matakala ce."

Ba ta dube shi ba. Ta ce, "Ni 'yar tagwaye ce, Oom. Ba ma shiga haka nan. Na ba ruwa abinsa, ka dawo mini da shi."

Ya tura hularsa baya ya sosa ƙeya. A gonar Turawa ya girma, cikin leburori Amaxhosa, ƙabilar su Nofezile, ya taɓa jin wani abu mai kama da haka.

"Ai na ɗauka wannan na teku ne. Wannan fa ruwan famfo ne. Ni na cika shi da hannuna, ni na zuba masa magani. Babu kowa a ciki sai kwaɗo biyu, su ma na san iyayensu."

"Ruwa ruwa ne."

"To sake jefawa."

"An ƙi wannan."

Ya laluba aljihunsa, ya fito da ƙusa, da ashana, da wani farin kuɗi na rand ɗaya. Ya goge shi a rigarsa ya miƙa mata. "Wannan bai taɓa jiƙewa ba. Ni zan je in duba inji. Ban ga komai ba, ban ji komai ba."

Ta jefa shi da ƙarfi, ya faɗa can kusurwar gefe mai zurfi. Duk bazarar nan, in Oom Kerneels yana share ƙasan tafkin, sai ya kewaye wurin.

Daga ranar ya riƙa buɗe mata ƙaramar ƙofa da sassafe, kafin ma'aikata su fara wucewa. Shi ma ba wani gwani ba ne, iyon kare ya iya, irin wanda ake koya a madatsar ruwan gona. Saboda haka ita ce ke koya masa yadda zai koya mata.

"Hannunka a ƙarƙashin ƙeyata, ba a wuyana ba. Kashe ni za ka yi?"

"Ban taɓa ganin ɗalibi mai baki irin naki ba. Kwanta!"

"Ba a cewa kwanta. Cewa ake yi, dubi sama."

"To, ranki ya daɗe, dubi sama."

Bakinta ya san komai, jikinta bai san komai ba. Ta faɗa wa yara "saki jikinka" ya fi sau dubu goma, kuma sai yanzu ta gane abin da take roƙonsu. Da ruwa ya taɓa kunnenta sai ƙafafunta su nemi ƙasa da kansu, ba shawara. Ta tuna yaran da ta kira matsorata, wasu har da sunayensu, ta ji kunya irin wadda ba ta da wanda za ta faɗa wa.

A safiya ta tara ta kwanta. Kunnuwanta suka shige ruwa, ƙarar inji da kukan kurciyoyi suka ɗauke. Abin da ya rage mata sai sama, an yanka ta kusurwa huɗu da bangon tafkin. Ta taɓa ganin sama a haka sau ɗaya. Shekara shida da suka wuce 'yar'uwar tagwaicinta, Nocawe, ta rasu a ƙauye. Kafin a sauke akwatin, sai aka shimfiɗa bargo a cikin kabarin, aka sauke Nofezile, ta kwanta rigingine na ɗan lokaci, kamar yadda ake yi wa tagwaye don kada wanda ya tafi ya ja wanda ya rage. Ta ga sama kusurwa huɗu, da kawunan mutane a gefe suna leƙowa. Da maza suka miƙo hannu za su ɗago ta, ba ta so tashi ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Muryar Oom Kerneels ta zo mata daga nesa, kamar ta cikin bango. "Sisi, na fa cire hannuna tun ɗazu."

"Na sani," ta ce. "Bar ni tukuna."

Ranar Lahadi Vuyokazi ta bugo waya, kamar kullum bayan an taso coci.

"Mama, mura kike yi? Muryarki ta canja."

"Ruwa ne ya shige mini hanci."

"Yaran nan suna fantsama miki ke nan. Mama, ki huta haka nan mana. Shekara nawa kina gasa kanki a rana saboda 'ya'yan mutane?"

"Za ku zo bana?"

"Kin san ƙauyen su baban yara za mu, ƙaninsa zai fito daga dajin kaciya, dole mu je. Sai dai Janairu, in an samu hutu."

"To. Ki gaishe da yaran."

Ta ajiye wayar, ta ɗauki kwanon wanke-wanke, ta cika shi da ruwa, ta ɗora a kan tebur. Ta tsoma fuska, ta busa, ta juya kai gefe ta shaƙi iska, ta sake tsomawa. Haka ta yi har ruwan ya jiƙa tebur ya sauka ƙasa.

A mako na uku ta iya faɗin tafkin. A na huɗu ta iya tsayi ɗaya, sau biyu, a ranaku daban-daban, kuma kowane karo sai da ta yi minti goma a rungume da bango tana haki. Oom Kerneels ya ce ta je ta gaya wa Babalwa gaskiya, wataƙila a ɗaga mata ranar.

"Doka ce, ba ita ta yi ta ba."

"To ki ce ba ki da lafiya. Ki ce gwiwa. Wace tsohuwa ce ba ta da gwiwa?"

"In ce ƙarya a kan ƙarya?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Biyar ga Disamba ta zo da zafi tun da safe. Mai jarrabawar wani mutum ne mai ladabi da ya zo daga bakin teku, ana ce masa Mista Pillay, da agogon gudu a wuya. Masu neman takardar su huɗu ne: samari biyu malaman motsa jiki, wata budurwa da ta gama kwaleji, sai Nofezile. Duka ukun ita ta koya musu busa kumfa. Tambayoyin baki ba su ɗauki lokaci ba, tana amsawa tun bai rufe baki ba. Mutum-mutumin roba ma ta hura shi har ƙirjinsa ya tashi.

Samarin da budurwar suka shiga ɗaya bayan ɗaya, suka je suka dawo kamar wasa. Sannan Nofezile ta fito daga ɗakin canja kaya cikin baƙar rigar wanka da ta saya a gwanjo. Ba su taɓa ganin kanta a buɗe ba, ashe ƙarami ne, fari fat.

Ta sauka ta matakala, ta tura bango da ƙafa, ta tafi. A hankali take tafiya, a hankali ƙwarai, amma hannun nan yana fita yana shiga yadda littafi ya ce. Ta wuce layin da ƙasa ke zurmawa. Ta ga ruwan ya ƙara duhu a ƙarƙashinta, ba ta tsaya ba. Ta taɓa bangon can, ta juyo. A dawowa ne numfashin ya fara ruɗewa. Ta shaƙa inda ya kamata ta busa. Ta ji haɓarta tana ɗagawa, ta kuma san abin da ke biyo bayan haka, don babu wanda ya fi ta sani a garin. Ta sha ruwa. Ƙafafunta suka yi ƙasa, babu ƙasa. Sai ga bakin sanda mai roba a gaban hancinta, Oom Kerneels yana riƙe da ɗaya bakin. Ta ƙara bugu uku ba ta kama ba. A na huɗu ta kama. Saura kamar taku goma sha biyar ta kai.

Babalwa ce ta rugo da tawul. "Makhulu! Ba ki da lafiya ne? Zuciya ce? A kira mota?"

"Lafiyata ƙalau." Sai da ta gama tari sannan ta ƙarasa. "Iyakar iyawata ke nan. Wata guda ke nan da na fara."

"Fara me?"

"Iyo."

Babalwa ta zauna a kan siminti, jiƙaƙƙe da shi, da kayan ofis ɗinta. "Amma ke kika koya mini."

"Kin taɓa nutsewa?"

"A'a."

"To."

Mista Pillay ya jira har ta sa kayanta. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai taɓa ganin hannu mai tsabta irin nata ba, amma ba shi da ikon rubuta abin da bai faru ba. Ya ce zai dawo Disamba mai zuwa. Ta ce Allah ya kai mu.

Kafin mako ya zagayo an sake buga takardar, da sunan ɗaya daga cikin samarin a layin ƙasa. Labari kuwa ya gama gari. Wasu dariya suka yi har da hawaye. Wasu suka ji haushi, suna cewa ashe shekara da shekaru suna miƙa 'ya'yansu ga wadda in yaro ya yi ƙasa ba za ta iya bin sa ba. Da maganar ta zo kunnenta ba ta musa ba. Ta daɗe tana faɗa wa kanta haka, tun kafin su sani.

Babalwa ta roƙe ta ta riƙa zuwa tana zama a ƙofa tana rubuta sunayen yara. Ta je ranar Talata ta farko. Saurayin yana da haƙuri, yana cikin ruwa tare da yaran, abin da ita ba ta taɓa yi ba. Sai dai ya fara musu da hannu tun ba su iya ƙafa ba. Ba ta gyara masa ba. Amma duk abin da ya ce a yi, sai yaran su juyo su dubi ƙofa, su ga ko Makhulu ta yarda. Ta ga saurayin yana ƙara ɗaga murya, kunnuwansa suna zafi. Da aka tashi ta miƙa wa Oom Kerneels littafin sunayen da usur ɗin, ta ce a ba saurayin. Ba ta koma ba.

A tsakiyar takardar shirin, tsakanin gasar dara da 'yan badujala, akwai wani layi da wani ma'aikaci ya kwafo daga shirin wani babban birni shekarun baya: awar tsofaffi a tafki, Litinin, bakwai zuwa takwas na safe, kafin a fara wanke shi, kyauta. Tun da aka sa shi ba a taɓa samun tsoho ko ɗaya ya zo ba. Yanzu duk Litinin Oom Kerneels yakan buɗe babbar ƙofa, ba ƙarama ba, ya share matakala, ya tsaya da sanda saboda mutum ɗaya. Takan yi tsayi ɗaya, ta huta, ta yi rabi. Wani lokaci ba ta yin komai, sai ta kwanta rigingine a tsakiya har ya buga mata ƙarfe ya ce lokaci ya yi.

Ana saura kwana uku Kirsimeti ta haɗu da wata tsohuwa a shago, Mam' Tshawe, wadda suke taron Alhamis tare, wadda kuma tana cikin waɗanda suka fi yin dariya. Matar ta jira har mai shago ya juya baya, sannan ta matso.

"Wai ruwan nan, da sanyi?"

"Da farko."

"Kuma ba mai kallo?"

"Sai Oom, shi kuma ba ya gani sosai."

"Hm. Wataƙila in leƙo wata Litinin. Kallo kawai."

Bazarar ta ƙare, an buɗe makarantu, Mam' Tshawe ba ta leƙo ba. Nofezile dai ba ta sake yi mata maganar ba, ko a coci. Tawul biyu take sawa a jaka, ta dawo da ɗaya a bushe.